Na je Yamai kallon Mai Gochi da katin Benin a aljihu

Daga ƙofar ajin da nake koyarwa a Malanville zuwa bakin gada, tafiyar minti goma ce a kan babur. A da, idan aka tashi daga lakwal ranar Juma'a, nakan tari zemijan in tsallaka Gaya, in ci tuwon gwaggona, in dawo gida kafin masu shayin bakin hanya su kashe wuta. Jandarman da ke bakin gadar ya san fuskata har ya daina neman takarda, sai dai ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, a gaida Hajiya." Yau fiye da shekara biyu ke nan rabon ƙafata da wannan gada.

A tsawon wannan lokaci sau ɗaya tak na yi doguwar tafiya cikin Nijar, kuma ba rasuwa ko biki ya kai ni ba. Kallon mawaƙi na je. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta labarin, saboda ni ma'aikacin gwamnatin Benin ne, wurin da na je kuwa an kwana ana la'antar gwamnatin tawa a lasifika.

Mawaƙin shi ne Maman Sani Mai Gochi. Duk wanda ya taɓa buɗe Télé Sahel ko Muryar Sahel ya san muryarsa ko da bai riƙe sunansa ba. Mutum ne da ya yi aikin soja, ya kuma yi suna da waƙoƙin yabon sojojin Nijar da na kishin ƙasa. Mu a Malanville rediyon ƙetaren kogi ya fi shigo mana tangaran, don Kwatano na can fiye da kilomita 700 a kudu, Gaya kuwa ga ta nan ana hango fitilunta. Da muryoyin can muka tashi.

Son nasa ya kama ni sosai ne lokacin da nake makarantar horon malamai ta Kandi. A ɗakin kwananmu ni kaɗai ne Bahaushe. Abokaina 'yan kudu suna sa Sagbohan Danialou da Angélique Kidjo, suna rerawa da harsunansu, suna kallona kamar wanda ba a yi wa rabon waƙa ba. Ni kuma sai in zaro ƙaramar wayata in sa Mai Gochi, in ƙure murya. Kafin shekara ta raba, su ma sun iya buga ƙafa daidai da gangar, suka laƙaba mini suna Soja, ni da ko bindigar toka ban taɓa riƙewa ba. Wanda bai zauna a ƙasar da harshensa yake na 'yan tsiraru ba, da wuya ya gane daɗin da ke cikin jin Hausa ta cika ɗaki har wasu na tambaya, "Me yake cewa?"

Kuma waƙar ba baƙuwa ba ce a kunnena. Babanmu na da kaset-kaset na Shata da na Ɗan Anace, har yau suna nan cikin wata tsohuwar akwatin ƙarfe. Abin da Ɗan Anace ke yi wa Shago a fagen dambe, shi nake ji Mai Gochi na yi wa soja, wato zuga. A kira namiji da kirarinsa har tsikar jikin mai saurare ta tashi. Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba shi ne, in ana zuga Shago, to akwai Ɗandunawa tsaye a ɗaya gefen fage. Shekaru ina sauraren zugar nan ban tambayi kaina wa ke ɗaya gefen ba.

Ranar 26 ga Yulin 2023 dogarawan fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum a Yamai, bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tiani ya bayyana a talabijin a matsayin sabon shugaba. Ranar 30 ga wata shugabannin CEDEAO, wadda 'yan Najeriya ke kira ECOWAS, suka taru a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, suka rufe iyakoki, suka ba sojojin mako guda su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Gwamnatinmu ta bi sahu. Aka gitta kwantenoni a kan gada.

A Abuja aka yanke hukuncin, amma a ƙofar gidajenmu ya sauka. Kafin rufewar, mafi yawan kayan Nijar ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke bi, kuma duk kamiyon da ya taso daga can dole ya ratsa Malanville. Cikin 'yan makonni layin manyan motoci ya miƙe wajen kilomita 25 a kan hanyar Kandi. Direbobi da yaransu suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motoci, suna dafa shinkafa a gwangwani, suna wanki a kududdufin damina. Kasuwarmu da ake cewa in ka cire Dantokpa babu kamarta a Benin, sai ga 'yan dako zaune a kan amalankensu suna gyangyaɗi da rana tsaka. Iyayen yaran ajina ke nan, rabinsu da gadar nan suke ci.

A daidai lokacin ne kuma waƙar Mai Gochi ta dawo sabuwa. Kowace sanarwar sojoji a Télé Sahel, kafin ta da bayanta, sai ka ji waƙoƙin soja. A farkon Satumba dubban mutane suka yi zaman dirshan a shataletalen Escadrille, gab da sansanin da ke kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani, inda wani ɓangare na sojojin Faransa kimanin 1,500 da ke ƙasar yake zaune. Dare da rana suna can, sun ce ba za su tashi ba sai Faransa ta kwashe nata ya nata. Mawaƙa suka riƙa zuwa suna yi musu wasa, har da shi.

Ɗan gwaggona, taubashina, direban tasi ne a Yamai. Shi ya kira ni wani dare, hayaniya ta cika wayar.

"Kai bawana, kana ji? Mutuminka ne a bisa dandali. Kai kana can kana yi ma Talon gadin kwantena!"

Ya ɗaga wayar sama na minti guda. Na ji muryar, na ji dubban mutane na amsawa. Ko barcin kirki ban yi ba a daren.

Sai dai lokacin bai yi kyau ba ko kaɗan. Ranar 9 ga Satumba kakakin sojojin Nijar, Kanal-Manjo Amadou Abdramane, ya karanta sanarwar da ke zargin Faransa da jibge dakaru a wasu ƙasashen CEDEAO don kai wa Nijar hari, kuma a ciki ya ambaci jirage masu saukar ungulu biyu da motoci masu sulke kimanin arba'in a Kandi da Malanville. Sunan garinmu ke nan a bakin soja, a talabijin. Ranar 12 ga wata Nijar ta soke yarjejeniyar soja da ke tsakaninta da Benin. Gwamnatinmu ta musanta zargin. Ni dai abin da idona ya gani a gari shi ne kamiyo da kamiyo da sojojinmu na Benin da suka saba sintiri tun da hare-hare suka fara a arewa. Amma ni malamin firamare ne, ba a gayyata ta cikin bariki.

Maiɗakina ta ce, "Malam, yanzu fisabilillahi mutane na neman hanyar fitowa, kai kana neman ta shiga? Saura kwana nawa a koma lakwal? In suka riƙe ka, me zan ce wa direkta?" Ban da amsa, sai na ce kwana biyu kawai zan yi.

Baba kuwa bai yi maganar haɗari ba. Ya ajiye carbinsa ya dube ni.

"Kiɗa dai? Malami guda, mai iyali, zai hau kwale-kwale cikin cikar kogi don kiɗa?"

Na ce, "Baba, zan kuma gaida Gwaggo."

Ya yi murmushin da ke nuna bai saya ba. Sannan ya ce su ma sun yi nasu zamanin. Bayan Kérékou ya karɓi mulki a 1972, har ƙasar ta koma tafarkin juyin juya hali, kowace safiya sai sun yi layi a lakwal sun ɗaga hannu sun yi ihun "Ehuzu", suna rera waƙoƙin la'antar 'yan mulkin mallaka. "Waƙoƙin da daɗi," in ji shi. "Har yau in na tuna sai ƙafata ta motsa. Amma ƙarshenta wata da watanni aka yi ba a biya malamai albashi ba. Je ka, Allah ya tsare. Kada ka yi gardama da kowa."

Da sassafe na sauka bakin kogi. Tun da aka rufe gada masu kwale-kwale suka zama sarakuna. Jika biyu da rabi na biya, ban yi ciniki ba don na ga wata tsohuwa ta yi an bar ta tsaye. Mun kai mu talatin a ciki, ga buhunan masara, ga babura biyu an kwantar, ga wata mata da jariri da katan ɗin magani da ta rungume kamar shi ne jaririn. Ruwa ja wur, ya cika ya batse, bakin jirgin bai fi tafin hannu ba daga ruwan. Babu mai rigar ceto. Kowa na salati a hankali. Daga tsakiyar kogi na ɗaga kai na ga gadar a samanmu, fanko, babu ko akuya.

Na gaida Gwaggo, don kada maganata ga Baba ta zama ƙarya, sannan na hau kar zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 300 ta Doso. Shingayen bincike sun ƙaru. A ɗaya daga ciki wani jami'i ya juya katina gaba da baya.

"Beninuwa? Mi za ka yi Yamai?"

"Ziyarar dangi, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo mini. Da na koma mazaunina sai na cire katin daga jakar kuɗi na tura shi can cikin aljihun ciki na 'yar shara.

Gab da magariba muka isa Escadrille ni da taubashina. Mun bar tasin nesa, don samari 'yan sa-kai sun tare hanya suna leƙa bayan motoci. A nan ne na ga ya canza. Mutumin da tun a tasha yake kirana ɗan leƙen asirin Talon yana ƙyalƙyala dariya, sai ya kama hannuna ya rage murya. "Wasa ya ƙare nan. Kowa ya tambaye ka, kai ɗan Gaya ne. Kada ka hiddo katin nan ko mi za a yi."

Wurin ya fi kama da kasuwa da ta haɗu da filin idi. Rumfuna, tabarmi, masu shayi, masu tsire, yara na tallan ruwan leda. Tutar Nijar ko'ina, ga ta Mali da ta Burkina Faso, ga ta Rasha da teloli suka ɗinka cikin gaggawa har launukan wasu sun juye. Mata sun zo da tukwane da ludaya suna bugawa. Unguwannin da muka ratso duk duhu, don tun farkon Agusta Najeriya ta yanke kuran da take ba Nijar, amma a nan janareto na ruri. Can gaba sojojin Nijar sun yi sahu tsakanin jama'a da ƙofar sansanin. Da aka kira salla sai komai ya tsaya cak, aka yi sahu a kan kwalta, liman ya yi alƙunutu mai tsawo yana roƙon Allah ya kare ƙasa daga masu nufinta da sharri. Na ce amin da zuciya ɗaya. Wa zai ƙi cewa amin, alhali in aka fara yaƙin, ta kan rufin gidana harsashin farko zai bi?

Bayan isha'i aka fara. Samari masu rap suka hau suka sauka, tsakaninsu kuma masu jawabi, wani da Zabarmanci, wani da Hausa, wani da Faransanci. Wanda ya tashi a Malanville yana jin Dendi, Zabarmanci ba ya ɓace masa, don haka babu abin da ya wuce ni. A ce "Labu sanni no", jama'a su amsa. A ce "Zancen ƙasa ne", su amsa. Wani ya tuna wa mutane Tera, inda aka kashe masu zanga-zanga uku a Nuwamban 2021 lokacin da suka tare ayarin motocin sojan Faransa. Wata mata ta yi maganar asibitocin da magani ya yanke musu saboda takunkumi. Duk wannan na ji shi har cikin raina. Ban taɓa yarda cewa hana talaka shinkafa da magani zai mayar da wani kan kujera ba, kuma na ga matar nan ta cikin kwale-kwale da idona.

Sai wani mai jawabi, wanda ban san ko wane ne ba, ya fara jero sunaye. Macron, jama'a suka ce abas. CEDEAO, abas. Tinubu, Ouattara, abas. Talon, abas. Wannan duk na zo da shirin jin sa. Abin da ban shirya wa ba shi ne da ya ce maƙiya na nan sun yi sansani a Malanville, Malanville ce ƙofar da za a shigo a kashe 'ya'yan Nijar. Ihun da ya tashi sai da na ji shi a ƙirjina. Garin da aka yanke mini cibiya, inda uwata take kwance a maƙabarta, inda yara sittin da 'yan kai ke jirana ranar Litinin. Na san sunan na wani gwamnan Faransa ne na zamanin Dahomey, Malan, kuma tsofaffi sun ce Tassi ake kiran wurin kafin nan. Mu kanmu mukan yi wa sunan dariya. Amma a daren nan ban ji sunan Bature ake zagi ba.

Kusa da ni akwai wani dattijo mai farin gemu, zaune a kan 'yar kujerar roba da butar shayinsa. Tun bayan salla yake miƙo mini ƙaramin kofi. Ya ga na yi tsit, sai ya ce, "Yaro, kai ɗan ina ne?"

Kafin in buɗe baki taubashina ya ce, "Ɗan Gaya ne, Baba."

"Ayya. Ku ne a bakin wuta. Allah shi tsare ku da mutanen ƙetare."

Na ce amin. Wannan amin ɗin ita ta fi tsaya mini a wuya a duk tafiyar.

Dare ya yi nisa kafin a kira sunansa. Ban ma ji ƙarshen sanarwar ba, don gangar farko na faɗowa fili ya rikice. Na sha ganin sa a talabijin, amma ban san haka muryar take ba in tana fitowa daga mutum mai numfashi da gumi a gabanka. Ba ya bukatar ya roƙi jama'a su amsa. Yana ɗaga hannu dubban baki ke karɓa, mata da tukwanensu suka shiga cikin kiɗan kamar an yi gwaji da su, har wasu daga cikin sojojin da ke tsaye a sahu na ga kafaɗunsu na motsi.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Na manta da kati, na manta da mai jawabi, na manta da Malanville. Babu baitin da ban rera ba. Inda wasu ke lalube, ni na san inda zai ja numfashi da inda zai karya murya, don na ji waƙoƙin nan sau ɗaruruwa a ɗakin kwanan Kandi, da kan babur, da daren da nake gyaran takardun jarrabawa. Na buga ƙafa har takalmina ya tsinke. Na sara wa sojojin da ba na ƙasata ba. Hawaye suka zubo mini ban san dalili ba. Wayata na ɗaga na ɗauki bidiyo na daƙiƙa arba'in, sai na ga hannuna na rawa, na mayar da ita aljihu.

Da aka tsagaita, dattijon nan ya dafa kafaɗata yana dariya. "Kai, yaro! Ka fi mu iya ta. Wallahi kai ɗan ƙasa ne na gaskiya."

Da zagi ya yi mini da ya fi sauƙi. Na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, jikina duk gumi. Taubashina ya tafi neman tsire. Na ce a raina mutumin nan ya shayar da ni shayi sau uku, ba zan tashi in bar shi da ƙarya ba.

"Baba, ka gafarce ni. Gwaggona ce a Gaya. Ni a Malanville aka haife ni, can nake koyarwa."

Ya janye hannunsa. Ya dube ni, ya dubi hagu da dama. Shirun bai fi na minti ɗaya ba, amma na ƙirga mutanen da ke kusa da mu ɗaya bayan ɗaya.

"Shugabanku ya ci amanar maƙwabtaka," ya ce a hankali.

"Baba, ba mu muka rufe gada ba. Mu ma yunwar muke sha."

"Ku kuka zaɓe shi."

Amsa ta zo mini har bakin leɓe, cewa ku ma wanda kuka zaɓa yana can tsare a fada shi da iyalinsa, ba a tambaye ku ba. Na tuna maganar Baba na haɗiye ta. Har yau ban tabbata ko hankali ne ya hana ni ko tsoro ba.

Dattijon ya sake yin shiru. Sai ya matso da kujerarsa, muryarsa ta sauya.

"Motocin nan da ke tsaye can wajenku, kana ganin su?"

Na ce kullum.

Ashe ɗansa na ƙarshe yaron mota ne. Sun ɗauko shinkafa daga Kwatano tun ƙarshen Yuli, suka maƙale a layi. Maigidan motar ya tsallako ya bar yaron yana gadin kaya. Mako shida ke nan. Wayarsa wani lokaci ta shiga, wani lokaci a kashe, kuma ranar da suka yi magana ta ƙarshe ya ce zazzaɓi na damun sa. Dattijon ya kwance bakin rawaninsa ya ciro jika biyar a nannaɗe, ya karanto mini lambar yaron da ka, na rubuta a bayan tikitin kar. Bai tambayi cikakken sunana ba. Ya ce kawai, "Amana ce, Malam." Daga yaro na koma Malam.

Washegarin komawata gida na hau babur na bi layin motocin. Sai da na wuce kilomita goma sha wani abu kafin in same shi, kwance a ƙarƙashin tirela a kan kwali, siriri, bai fi shekara goma sha tara ba. Na ba shi kuɗin, na kai shi wurin mai magani, maiɗakina ta riƙa aika masa tuwo da yamma har ya warware. Da na kira uban a wayata na haɗa su, na koma gefe don in ba su wuri. Ranar Litinin na shiga aji da muryar da ta dushe, yara suna ta tambaya ko mura nake yi.

Abin da jama'ar Escadrille suka nema sun samu. Ranar 24 ga Satumba Macron ya sanar da janye jakada da sojoji, kuma ranar 22 ga Disamba na ƙarshensu suka tashi. A Fabrairun 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumi, Benin ta buɗe nata gefen gadar. Nijar ba ta buɗe nata ba, tana cewa akwai sansanonin Faransa a ƙasarmu, gwamnatinmu na cewa babu. Aka zo aka yi rikicin bututun mai, aka yi na hana fitar da masara. Wannan ba shi ne karo na farko da ƙasashen biyu suka juya wa juna baya ba, tsofaffi na tuna rikicin tsibirin Lete da korar 'yan Dahomey daga Nijar a ƙarshen 1963, amma ba su tuna rufewar da ta daɗe haka ba. A ajina kujeru sun yi ta zama fanko, iyaye sun kwashi yara sun koma ƙauye ko sun gangara Parakou neman abin yi. Bazoum na nan tsare. Ni kuma kowace shekara ina koya wa yara darasin taron ƙasa na Fabrairun 1990, yadda Benin ta fita daga mulkin soja ba tare da an zubar da jini ba, kuma ina koyar da shi ne don na yarda da shi.

Bidiyon nan na daƙiƙa arba'in ban taɓa sa shi a Facebook ba. A gefenmu dokar intanet ta kai mutane kurkuku saboda abin da suka wallafa, a gefensu ma 'yan kwanaki bayan dawowata aka kama 'yar jarida Samira Sabou. Yana nan cikin waya, nakan kalla ni kaɗai.

Waƙoƙin kuwa ban daina ji ba, kuma ba na jin zan daina. Sai dai na rage murya in ina wajen mai shayi, don akwai waɗanda gadar nan ta karya wa jari, ba sa son jin komai da ya fito daga bakin sojan ƙetare. Ranar 8 ga Janairun 2025 aka kashe sojojinmu 28 a nan jihar Alibori, wajen da iyakokin Benin da Nijar da Burkina Faso suka haɗu. A watan Afrilu aka sake kashe 54 a yankin gandun dajin W. Masu kisan irin mutanen da ke kashe sojojin Nijar ne a Tillaberi. A daren da labarin Janairu ya iso, na rasa abin da zan saurara, sai na sa Mai Gochi, ina tunanin samarin da nake gani suna wucewa a bayan motar sintiri, wasunsu ba su girmi yaron motar nan ba. Ɗana na fari, mai shekara takwas, ya leƙo ya ce, "Baba, sojojinmu yake wa waƙa?" Na ce a'a, na Nijar ne. Ya ce, "To namu wa ke yi musu?" Na ce ya je ya kwanta, gobe akwai lakwal.

Taubashina ya kira ni makon jiya. Ya ce in na ji labarin wani wasan zai sanar da ni, in zo, wannan karon shi zai biya kuɗin kwale-kwale tunda bawa ba ya da ko dala. Na tambaye shi dattijon nan mai shayi, ya ce tun da aka watse daga Escadrille bai sake ganin sa ba. Lambar yaron na nan a bayan tikitin, na gwada ta sau biyu a bana, ba ta shiga.